Haruffa Huɗu a Bayan Kwali

A danginmu ana cewa na iya Sinanci. Ƙarya ne, Ummi, kuma gara ki ji daga bakina tun kafin ki yi wayo ki ji a bakin wasu. Duk bikin da aka taru a Kano sai an sami wadda za ta nuna ni da baki ta ce, ga Rakiya can, wadda ta koyi yaren 'yan China cikin sati guda ta ceto kayan Goggo. Ban koyi yaren kowa ba. Haruffa huɗu na koya, sai wasu 'yan tsiraru da suka biyo baya, kuma kayan Goggo ba cetonsu na yi ba, ni na kusa kashe su da hannuna. Yanzu ko tafiya ba ki gama koya ba, amma wata rana za ki tarar da guntun kwali cikin leda a ƙasan akwatina ki ɗauka shara ne. Don kada ki jefar da shi nake wannan rubutun.

Goggo Binta, ƙanwar Baba, wadda kika ci sunanta, ita ta kawo ni Dubai. Na gama sakandare na zauna a gida shekara biyu ina faɗa da kowa, har Baba ya gaji ya ce mata ta ɗauke ni ko gidan ya huta. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman bene a Al Khabaisi, tebur biyu da sikeli da butar shayi. Sana'arta kayan kicin, amma ƙashin bayan kasuwar kula ce, kular zuba abinci. Kin san yadda ake yi a gida: azumi na ƙaratowa kowace mace sai ta nemi sabuwar kula, ta kai wa surukai abin buɗa-baki, ta masallaci, ta maigida. Abin da Goggo ke sayarwa a makonnin nan kafin azumi shi ke riƙe ta har shekara ta zagayo. Bizata a ƙarƙashin kamfaninta take, ta shekara biyu, kuma tun ranar da ta ɗauko ni a filin jirgi, kafin ma mu kai mota, ta gaya mini sharaɗinta.

"Ni ba yawon buɗe ido na kawo ki ba. Shekara biyu zan duba ki. In kin iya riƙewa na sabunta miki, in ba ki iya ba ga hanya nan, ki koma ki ci gaba da faɗa da ƙannenki."

Goggo ba ta yi boko mai zurfi ba, amma kalanda uku take aiki da su a bango ɗaya: ta Musulunci, ta Bature, da wata ja mai zanen kifi wadda Madam Zhou ke ba ta duk shekara. Madam Zhou ita ce matar da ke haɗa ta da masana'antar kuloli a China. Tana da shago a babbar kasuwar 'yan China da ke can bayan gari, kuma sun fi shekara goma suna harka tare. Gajeriya ce, ta kai shekarun Goggo ko ta ɗan fi, kullum da kwalbar ruwan zafi a hannunta, ko da rana na tafasa ƙwaƙwalwa. Tana haɗa Turanci da Larabci da 'yar Hausar da ta tsinta a bakin 'yan kasuwa. Ni kuwa ba ta kwanta mini ba. Komai nata a hankali. Kafin ta amsa miki tambaya sai ta kurɓi ruwa, ta rufe kwalbar, ta goge bakinta. Ni ina tsaye ina kaɗa ƙafa ina cewa yalla, Madam, yalla, wato a yi sauri da Larabcin garin. Tun daga nan ta daina kirana da sunana, ta sa mini Yalla-yalla.

A shekarata ta biyu mijin Goggo ya kwanta a Kano, ɓarin jikinsa ya shanye, dole ta tafi jinya. Da za ta fita ta jawo ni gaban jar kalandar, ta ɗora yatsa a kan wata rana da Madam ta zagaye da biro.

"Kin ga wannan? Sabuwar shekararsu ce. Kafin ta zo da wata biyu ki je wurin Madam ki ba ta odar kulolin azumi, masu furen nan ruwan zuma. Ba wata ɗaya ba, wata biyu. Kin ji ni?"

"Na ji, Goggo."

"Ba ki ji ba, waya kike dannawa."

Gaskiyarta. Zan iya ce miki aiki ne ya yi mini yawa, amma ba shi ba ne. Abin da ya faru shi ne na duba kalandar Musulunci na ga azumi da sauran nisa, na ce me zai haɗa ni da shekarar 'yan China? Bikinsu ne, su yi abinsu kwana biyu su dawo, kamar yadda muke yi da Sallah. Kuma a lokacin na riga na yi imani cewa a garin nan babu abin da ɗaga murya ba ya samarwa. Na sa an buɗe sito bayan an rufe, na sa direba ya juyo daga hanyar tashar jiragen ruwa, duk da baki. Ina kuma da 'yar sana'ata ta gefe, ina sayar da abaya ta waya, ita ke cinye mini hankali. Asabar ɗin da na tsayar zan je wurin Madam, ƙawayena suka ce a tafi Hatta, muka cika mota, na wuni ina ɗaukar hoto a bakin madatsar ruwa, duwatsu a bayana. Hotunan suna nan. Na yi kyau sosai a ciki, kuma har yau ba na son kallonsu.

Sai da ya rage kwana tara ranar nan da aka zagaye ta cika na shiga shagon Madam da takardar oda a hannu. Na tarar da ita ita kaɗai tana maƙala jajayen takardu a ƙofa, ma'aikatanta biyu ba sa nan. Ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa, ta kurɓi ruwa, ta rufe kwalba.

"Khalas, an gama," ta ce. "Masana'anta a rufe."

"A rufe kamar yaya? Ai saura kwana tara."

"Ma'aikata sun tafi gida. Ƙauye, nesa, kwana biyu a jirgin ƙasa. Shekara guda ba su ga 'ya'yansu ba. Bayan biki ma ba sa dawowa da wuri. Wata ɗaya, ko fiye. Sannan a yi kaya, sannan jirgin ruwa. Kulolinki za su iso Najeriya, inshallah, ku yi layya da su."

Na ɗaga murya kamar yadda na saba. Na ce ta kira mai masana'antar, na ce Goggo tsohuwar abokiyar cinikinta ce, na ce yalla ya fi sau goma. Ta bar ni na gama. Sannan ta sunkuya ta yagi murfin wani kwali, ta ɗauki baƙin alƙalamin da ake rubuta lamba a jikin kaya, ta zana haruffa huɗu manya, daga sama zuwa ƙasa, ba tare da gaggawa ba. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Hajiya, goggonki, ba ta taɓa buƙatar wannan ba. Ke kina buƙata."

Na fizga na fita ko sallama babu. Na tabbata zagina ta yi.

A Satwa nake kwana a lokacin, mu huɗu a ɗaki, gado kan gado. Wadda ke ƙasana Hadiza ce, 'yar Maraɗi, tana aiki a shagon turare. Ita ta ɗora wayarta a kan kwalin ta fassara mana. Abin da ya fito shi ne mutumin da sai ƙishirwa ta kama shi sannan ya fara haƙa rijiya. Hadiza ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina.

"Ma chérie, c'est pas grave, ba wani abu ba ne, ƙawata. Ki ba da odar yanzu, in kaya sun makara ki ce jirgi ne. Wa ya taɓa kama jirgin ruwa da ƙarya? Kowa a garin nan bateau, jirgin nan, yake ɗora wa laifi. Goggonki tana can tana fama da mara lafiya, ina za ta bi diddigi?"

Shawarar ta zauna mini daram, ba zan ɓoye miki ba. Bizata saura wata huɗu ta ƙare. In Goggo ta san gaskiya na san inda zan nufa. Amma kafin tsoro, haushi ne ya fi cina, domin a duk duniya Madam ta rasa da me za ta yi mini gori sai da rijiya. Kakanki, Baba, sana'arsa ke nan. Rabin rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da garinmu shi ya gina su, kafin masu burtsatse su zo da injinsu su zaunar da shi. Na tashi ina ganinsa yana sauka rami da dagi da igiya a ƙugu. Kuma na san abu ɗaya da na tabbata Madam ba ta sani ba: a ƙasarmu da bazara ake haƙa rijiya, a tsakiyar ƙishirwa. Washegari da safe na kira shi don ya ba ni hujjar da zan je in kwaɓa mata. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana Rakiya ba.

"Uwata, lafiya da sassafe?"

"Baba, yaushe ake haƙa rijiya? Ba da bazara ba?"

"Da bazara mana. In kika haƙa da damina ruwa na sama-sama, ki yi murna kin samu, rani na yi ta ƙafe. Sai ruwa ya gudu can ƙasa ake binsa."

"Yauwa! To wata 'yar China ce ta ce wai wauta ne mutum ya haƙa lokacin ƙishirwa."

Ina jin awaki a bayansa. Baba ya san ni fiye da yadda nake so.

"Me kika yi wa Binta?"

Na gaya masa, a gajarce, ina ragewa. Ya ce, "To saurara. Haƙa da bazara ake yi, amma maganar tun da kaka ake gama ta. An sayi siminti, an murɗa igiya, an kai dagi maƙera. Ranar da na sa dagi a ƙasa, rabin aikin ya wuce. Sannan ke da kike kawo mini abinci bakin rami, kin taɓa ganin na sauka babu tulu cike a sama?"

"A'a."

"Ruwan cikin tulun daga ina? Ai ramin bai ba da ko ɗigo ba tukuna. Daga gidan maƙwabta ake ɗebo mana, kullum, har mu cim ma namu. Shi ya sa ban taɓa karɓar aiki a gidan da ba sa gaisawa da maƙwabtansu ba. Ke yanzu kina cikin rami. Wa zai ɗebo miki?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in gaishe da 'yar Chinan, ya kashe wayarsa, don shi ba ya son a ƙona kati.

Na koma shagon da kwalin a jaka. Ban iya ba da haƙuri ba, har yau ban ƙware ba, babanki shaida ne. Abin da na iya shi ne na tsaya a ƙofa na yi sallama, na jira ta gama kurɓar ruwanta ban ce yalla ba. Sannan na gaya mata abin da Baba ya ce, har da maganar bazara, don ba zan bar wannan ta wuce ba. Ta saurara da kanta a karkace. Da na kai wurin tulu sai ta yi dariya, karon farko da na ga haƙoranta.

"Babanki ya san aiki," ta ce. "Zo."

Ta kai ni sitonta, bayan kasuwar. Can ƙurya akwai kwalaye jibge har rufi, ƙura ta rufe su. Ragowar kuloli ne na shekaru uku, waɗanda masu oda suka fasa ɗauka, da waɗanda aka dawo da su. Babu masu furen ruwan zuma ko ɗaya. Akwai kore, akwai fari, akwai ja mai ratsin zinari. Wasu murfinsu ya fashe, wasu robar bakinsu ta bushe. Ta ce ma'aikatanta sun tafi biki, bayanta kuma ba ya barin ta ɗaga kwali. In zan sauke, in buɗe, in gwada kowace ɗaya, masu kyau na Hajiya ne, ta yarda a loda su daga nan Dubai. Ba za su kai yawan odar ba, ba kuma lalle su riski farkon azumi ba, amma sun fi babu.

"Kuma ki ji. Ni ba zan kira Hajiya ba. Amma in ta tambaye ni, ba na yi mata ƙarya."

Gwajin kula ba a yi masa wayo. Za ki tafasa ruwa ki zuba, ki rufe, ki kifa ta ki ga ko tana yoyo, ki ajiye a layi, bayan awa huɗu ki dawo ki buɗe ki sa hannu a kan tururin. In babu zafi, ta faɗi. Ba yadda za ki yi awa huɗu ta zama biyu. Na gwada. Madam ta kama ni ina buɗewa da wuri, ta mayar da murfin ta nuna mini agogo ta ce shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu. To a cikin wannan jiran ne ta fara koya mini haruffan. Ruwan da muka gama gwaji da shi muna juye shi a bokiti. Ta ɗauko tsohon buroshin fenti ta ɗaure a jikin sanda, ta tsoma a bokitin, ta rubuta a kan simintin ƙofar sito. Ta ce haka tsofaffi ke yi a filin shaƙatawa na garinsu da safe. Ba takarda, ba tawada. Kafin ki gama na ƙasa, na sama ya bushe, sai ki sake. Ni da na yi allo ban ga abin mamaki a rubutun da ake wankewa ba, amma wannan rana ce ke wanke miki.

Harafi ɗaya-ɗaya, sai na iya wannan take ba ni na gaba. Na farko tana kiransa lin, ma'anarsa abu ya iso, ga shi a gabanki. Ta ce in dube shi kamar mutum ya sunkuya yana leƙa wani abu a ƙasa. Na ce ban ga mutum ba, na ga sanduna biyu da akwati. Ta ce in rubuta sau talatin zan gan shi. Na biyu, ke, shi ne ƙishirwa, kuma shi ya fi ba ni wuya, zane goma sha biyu. A hagu ɗigo uku na ruwa, a dama rana a sama, ƙarƙashinta ɗan mutum a takure cikin lungu. Wannan kam na gan shi tun a karon farko, don ni ce. Ina rubuta shi da ruwa a ƙasa, ɗigo ukun nan su ke fara bushewa, su bar rana da mutumin. Na nuna wa Madam, ta ce ita ma tun tana yarinya take lura da haka. Na uku, jue, haƙa: hannu a gefe, jiki a duƙe, ƙasa na fita. A ranar nan bayana kamar zai rabe biyu, farcena biyu sun karye a bakin kwali, na ce mata wannan harafin ba sai an koya mini ba.

A ranar harafi na ukun ne na kira Goggo. Ba wani abin kirki ne ya motsa ni ba. Na tsaya ne ina kallon layin kuloli kore da fari, na gane ko jirgi ya ɗauki laifin makara, ba zai ɗauki laifin launi ba. Ƙarya ɗaya za ta buƙaci ta biyu, ta biyun kuma dole sai an sa sunan Madam a ciki, matar da ke zaune a kan kwali tana tafasa mini ruwa a makon bikinta. Na fita bayan sito na danna kiran kafin in canja ra'ayi.

"Goggo, ban ba da oda a kan lokaci ba. Masana'anta ta rufe. Ba laifin Madam ba ne, ba na jirgi ba ne. Ni ce na tafi Hatta."

Na ji ta tashi ta fita daga ɗakin mara lafiya, na ji ƙarar ƙofa. Na shirya wa faɗa, na ma fi son faɗan. Ba ta yi ba.

"Yanzu kina ina?"

"Siton Madam. Muna gwada ragowa."

"Da ruwan zafi?"

"E."

"Awa nawa?"

"Huɗu."

"To kada ki rage. Sauran maganar sai na zo."

Harafi na huɗu ya faɗo ranar jajiberin bikinsu. Jing, rijiya. Zane huɗu kacal: biyu a kwance, biyu a tsaye sun ratsa su. Da ta zana shi sai na yi tsaye da sandar a hannu, domin abin da na gani bakin rijiyar gidan kakata ne, itatuwa huɗun nan da ake gindayawa, waɗanda igiyar guga ta cinye har suka yi kwari. Na ɗauki hoto kafin ya bushe na aika wa ƙanwata ta nuna wa Baba. Ya aiko da saƙon murya, yana cewa lalle mutanen nan sun taɓa jan guga. Na kunna wa Madam na fassara mata, ta sa na sake kunnawa. Da azahar ta shimfiɗa jarida a kan kwali ta fito da wasu 'yan ƙullin fulawa masu nama a ciki. Kafin in buɗe baki ta nuna mini tukunyar, sabuwa fil da takardarta a jiki, da ledar mahaucin Musulmi inda ta sayo naman rago. Ta ce a garinsu ba a cin wannan abinci mutum ɗaya. Ɗanta yana China da matarsa da jikarta, ita kuma shago ya hana ta tafiya shekara uku a jere. Na ci goma sha ɗaya. Ta ce Yalla-yalla ko a ci ma gaggawa take.

Kada in sa ki ɗauka komai ya gyaru. Abin da muka tsamo bai kai kashi biyu cikin uku na odar ba. Sai da muka jira kwantena ta cika da kayan wasu, sannan teku, sannan tashar Legas, sannan mota zuwa Kano. Kulolin sun sauka azumi ya raba. Mata sun riga sun saya a wani wuri. An sayar da jajayen don Sallah, koren suka daɗe a shago. Wani Alhaji da ya fi shekara takwas yana ɗaukar kaya wurin Goggo ya koma wurin wani, bai dawo ba har yau. Wannan ni na jawo, kuma Goggo ta ɗauke shi a shekarar da take wanke mijinta tana ba shi abinci a baki. In an zo ana yabona a biki, wannan nake tunawa.

Bayan Sallah ta dawo. Ta rame. Kwana uku tana shiga ofis tana fita ba ta ɗaga maganar ba, ni kuwa na riga na fara ware kayan da zan bar wa Hadiza. Na maƙala kwalin nan a bango, ƙarƙashin jar kalanda, ba don ta gani ba, don in riƙa ganinsa. A rana ta huɗu ta tsaya a gabansa da kofin shayi.

"Wannan zanen aljanun fa?"

Na karanta mata ɗaya bayan ɗaya, ina nunawa da yatsa. Lin, ke, jue, jing. Na gaya mata ma'anarsa.

"Ita Madam ɗin ta rubuta miki?"

"Ita."

"Shekara goma sha wani abu ina tare da matar nan, ko sunana ba ta taɓa rubuta mini da yarensu ba." Ta kurɓi shayi. "Na je wurinta jiya. Na tambaye ta in bar ki ko in mayar da ke."

"Me ta ce?"

"Ta ce kina da baki, ba ki da haƙuri, kin karya mata murfi biyu. Ta ce kuma tun da take, ba ta taɓa ganin wanda aka rubuta wa wannan abin ya dawo washegari ba." Ta buɗe jakarta ta fito da fasfona ta ajiye a kan tebur. "Ni ba don ita na bar ki ba. Don wayar nan da kika yi mini ne. Da kin ce jirgi ne da na yarda, kuma da na gano daga baya, ko Yaya ne ya zo da kansa ba zan sake kallonki ba. Sai ki je gwajin asibiti na sabunta biza. Ba gaggawa, da sauran kusan wata guda."

Na ɗauki fasfon na rataya jaka.

"Ina za ki?"

"Asibitin."

"Yanzu? Ko shayin ba ki sha ba."

"In na dawo na sha."

Ina sauka daga bene ina jin dariyarta, ta farko tun da ta dawo.

Ba zan ce miki na canja hali ba. Har yanzu ina katse mutane in suna magana, har yanzu Madam Yalla-yalla take kirana, ke kuma tun ranar sunanki ta sa miki Yalla ƙarama. Amma duk shekara in jar kalanda ta fito, biyu take bayarwa, ɗaya ta Goggo, ɗaya tawa, kuma tawa ba ta zagaye mini ranar, ta ce in nemo da kaina. Na gode wa Goggo da ta bar ni, na gode wa Baba da bai ba ni hujjar da na nema ba. Ita kuwa Madam ban san yadda ake gode mata ba, don duk lokacin da na fara sai ta ce khalas ta miƙo mini ruwan zafi. Saboda haka ke nake bar wa. In kin girma tana raye, ko tana nan ko ta koma wurin jikarta, ki neme ta ki gaishe ta da hannu biyu. In ba ta raye, ki riƙe kwalin. Bizar da na zauna da ita har na haɗu da babanki, har aka haife ki a garin nan, daga tulunta aka ɗebo mini.